Yadda Na Koma Teburin Ubangiji

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shaidar da zan bayar ba ta warkarwa daga ciwo ba ce, ba kuma ta buɗin arziki ba. Shaida ce a kan wata tambaya da ta zauna mini a ƙirji tun ina budurwa har na tara 'ya'ya, in tafi da ita majami'a in dawo da ita gida ba wanda ya sani: shin ni cetacciya ce, ko zaman majami'a kawai na iya?

Ni Bahaushiya ce gaba da baya, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Lokacin da nake tasowa muna cikin jihar Kaduna, sai a 1987 aka yanke mana Katsina. Kakana Bamaguje ne, shi ya fara karɓar bishara a gidanmu ta bakin wani mai bishara na SIM, mishan ɗin da ikilisiyarmu ta ECWA ta fito daga cikinta a 1954. Mahaifina dattijon ikilisiya ne, mahaifiyata kuma 'yar Zumuntar Mata ce da ba a fara waƙa sai ta iso. Ban san wata rana a rayuwata da ban san sunan Yesu ba.

A nan matsalar ta soma, ko da yake kamar ba matsala ba ce. Kakana yana da ranar da zai nuna. Yakan ba mu labarin yadda ya kwaso layunsa da kayan tsafinsa ya cinna musu wuta a gaban 'yan'uwansa, yadda suka daina cin tuwo da shi a akushi ɗaya. Shi ya san inda ya fito, ya san inda ya shiga. Ni kuwa a ciki na buɗe ido. Idan ƙungiyar Sabon Rai ta zo ƙauyenmu da gangunansu, aka yi wa'azi a fili da dare, aka ce mai son ba da ransa ga Yesu ya ɗaga hannu, sai in ɗaga. Wata shekara su dawo, in sake ɗagawa, don ban tabbata na farkon ya karɓu ba. Haka na yi a taron FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, lokacin ina sakandare. Na shiga ajin baftisma, na haddace amsoshin duka, aka yi mini baftisma a rafin bayan gari a 1986. Na fito daga ruwan ina jiran in ji wani abu ya sāke a cikina. Mata suna guɗa, mahaifiyata tana share hawaye, ni kuwa zuciyata tana nan yadda na shiga da ita. Na riƙe wannan a raina na kai shi gidan aure.

Akwai abin da ya ƙara ɓoye ciwon, wanda sai Bahaushe zai gane shi sosai. Mu mutane ne masu kunya da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mai hatsi a rumbu ba ya faɗin yawansa. Maganar lahira kuwa, abin da muka tashi muna ji a bakin kowa, Musulmi da Kirista, shi ne “Allah ya sa mu dace,” “Allah ya kyautata ƙarshenmu.” Saboda haka ko a cikin majami'a, in an tambayi mace ko ta tabbata tana da rai madawwami, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “To, muna dai sa rai.” A ce mata madalla, mai tawali'u ce. Ni ma haka nake amsawa, ana yaba mini, alhali tsoro ne fal a cikina.

Aure ya kawo ni Kaduna, muka zauna a Tudun Wada, ina ɗinki a gida, maigidana yana aikin gwamnati. Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, garin ya kama da wuta kan maganar shari'a. Ba zan tsaya ba da labarin abin da idona ya gani ba, duk wanda yake Kaduna a lokacin yana da nasa, kuma an yi rashi a kowane ɓangare. Mu Hausawa Kirista mun shiga tsaka mai wuya, domin harshenmu da shigarmu suna nuna wani gefe, sunayenmu suna nuna wani. Allah ya fitar da mu, muka kwana a barikin soja tare da ɗimbin jama'a. A daren nan wata mata kusa da ni tana rera waƙa a hankali, tana cewa in an kashe ta gida za ta. Ni na rungume 'ya'yana, ba abin da yake yawo a kaina sai Matiyu 7:21-23, inda Yesu ya ce ba duk mai ce masa “Ubangiji, Ubangiji” ne zai shiga Mulkin Sama ba, har waɗansu da suka yi annabci da sunansa zai ce musu bai taɓa saninsu ba. Na ga mutuwa kusa, na duba cikina, ban sami abin da matar nan take da shi ba.

Bayan ƙura ta lafa muka bi sahun masu ƙaura zuwa kudancin kogin, muka kama haya a Sabon Tasha. A nan na ɗaura ɗamarar bincike kaina. Na ɗauki 2 Korantiyawa 13:5, inda Bulus ya ce mu gwada kanmu mu ga ko muna cikin bangaskiya, na mai da ita aikin kowane dare. In yara sun yi barci sai in zauna in bi ranar daki-daki. Yau na yi addu'a da zafi ko da sanyi? Da ake wa'azi zuciyata ta motsa? Na yi kuka a kan zunubina, kuma kukan na gaske ne ko na tsoron wuta? Ranar da hawaye suka zo sai in kwanta da ɗan sauƙi. Ranar da ba su zo ba sai in ce shi ke nan, zuciyata ta taurare, wataƙila ma na yi saɓon Ruhu Mai Tsarki da ba a gafartawa. Na yi ta azumi har ɗinki ya soma gagarata. Maigidana mutum ne mai haƙuri, yakan ce, “Maman yara, ki daina wahalar da kanki, ke da kowa ya shaida halinki.” Amma shaidar mutane ce ainihin abin da nake tsoro, tun da ita kaɗai nake da ita.

Daga nan na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu. Duk ranar da aka shirya tebur, Baba Fasto yakan karanta 1 Korantiyawa 11, ya ja kunne cewa wanda ya ci ya sha da rashin cancanta hukunci yake jawo wa kansa. Da an fara shirin rabawa sai in fake da kukan goyo in fita. Da goyon ya girma sai in fake da wani abu. Na ɗauki shekaru a haka. Ina koyar da 'yan mata ɗinki, ina sa anko na Zumuntar Mata, ina fita ta ƙofar gefe.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai wata tsohuwa a ikilisiyarmu da kowa yake kira Kaka, Bakatsiniya, tana zaune wurin ɗanta. Tun tana yarinya aka kai ta Babbar Ruga, wurin jinyar masu cutar kuturta kusa da Katsina, ɗaya daga cikin wuraren da SIM ta karɓi kula da su a 1937, tare da Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. A can ta warke, a can ta koyi karatu, a can ta ba da gaskiya. Cutar ta riga ta ci yatsunta kafin magani ya tsayar da ita. Wata Lahadi ta aiko jikarta ta kira ni gida. Bayan mun gaisa ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, dattawa sun sa ki horo ne?”

Na ce, “A'a, Kaka.”

“To wa ya sa ki?”

Na yi shiru, sannan na ce, “Auna kaina nake yi, Kaka. Littafi ya ce mutum ya auna kansa.”

Ta nuna mini Littafi Mai Tsarki nata da haɓa, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda su Likita Mila na Wusasa suka yi aikinta, bangonta ya sha ɗinki. Ta ce in buɗe 1 Korantiyawa 11 in karanta aya ta 28 har ƙarshenta. Na karanta. Ayar ta ce mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci gurasar, ya sha daga ƙoƙon. Kaka ta ce, “Kin gani? Ya auna, ya ci. Ina aka rubuta ya auna, ya fita ta ƙofar gefe?”

Ba ta bar ni a nan ba. Ta sa na koma aya ta 17 na karanto surar a jere, abin da ban taɓa yi ba, domin kullum daga tsakiya ake faro mana. Sai na ga abin da ya sa Bulus ya yi faɗan. A Koranti masu hali suna riga cin abincinsu, wani ya ƙoshi har ya bugu, matalauci yana gefe da yunwa, ana kunyata marasa abin hannu a teburin da aka ce na Ubangiji ne. Rashin cancantar da yake nufi ke nan, wulakanta jikin Almasihu, wato 'yan'uwa. Ba ya maganar mace mai rawar jiki don tana ganin ba ta isa ba. Muka koma 2 Korantiyawa 13:5 ita ma muka ƙarasa ta, sai ga shi bayan ya ce su gwada kansu, tambayar da ta biyo ita ce ko ba su gane Yesu Almasihu yana cikinsu ba. Bulus yana sa rai in sun duba za su same shi a can.

Na fashe da kuka na gaya mata komai, tun daga ɗaga hannu a filin ƙauye har daren bariki. Na ce ina tsoron ban riƙe Yesu da kyau ba. Ta ɗago hannayenta biyu ta ajiye a kan cinyata. Ta ce, “Dubi nan. Ko ƙoƙon Jibi sai na haɗa su biyu nake ɗauka. In ceto riƙo ne irin nawa, da tuni na zame. Karanta mini Yohanna 10, aya ta 28, ki gaya mini hannun wa aka ambata.” Yesu ya ce yana ba tumakinsa rai madawwami, ba za su hallaka ba har abada, ba kuma mai ƙwace su daga hannunsa. Na san ayar tun ina makarantar Lahadi. Ranar ce na fara jin cewa hannun da ake magana nasa ne.

Kada wani ya ɗauka a ranar komai ya warware. Abin da ya yi shekaru yana kafuwa ba ya tashi da zama ɗaya. Kaka ta ce in riƙa zuwa ran Laraba da yamma mu karanta wasiƙar Yohanna ta fari, ni ina buɗe shafi ina karantawa, ita tana tsayar da ni. Sura biyar ce kawai, amma mun daɗe a kanta. Ta fara kai ni ƙarshe, 5:13, inda manzon ya faɗi dalilin rubutunsa: domin waɗanda suka gaskata da sunan Ɗan Allah su sani suna da rai madawwami. Ta ce in Allah ya sa an rubuta wasiƙa sukutum don ki sani, to ƙin sani ba tawali'u ba ne. Wannan magana ta yi mini nauyi, domin ta taɓa abin da nake taƙama da shi a ɓoye. A 1:9 ta tsayar da ni kan cewa in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana. Adalci, in ji ta, domin an riga an biya a kan gicciye, kuma Allah ba ya karɓar biya sau biyu. A 3:20 muka ga cewa ko zuciyarmu ta kāshe mu, Allah ya fi zuciyarmu girma. Ni da na mai da zuciyata alƙali na ƙarshe, ashe akwai wanda yake sama da ita.

Sai muka zo inda ban zata ba. A sura ta 3 aya ta 14 an ce mun san mun ƙetare daga mutuwa zuwa rai domin muna ƙaunar 'yan'uwa. Ina karantawa sai fuskar facalata ta faɗo mini a rai. Tun bayan rasuwar surukina, da aka zo rabon gona, ta faɗa a gaban dangi cewa na mallake mijina na raba shi da 'yan'uwansa. Maganar ƙarya ce, ta kuma yi mini ciwo ƙwarai. Daga ranar na ɗauke mata gaisuwa. In mun je gida Kirsimeti sai in bi ta wata ƙofa. Har ɗanta ya rasu ban taka na je mata ta'aziyya ba, saƙo na aika. Abin da ya girgiza ni shi ne, duk daren da na kwashe ina tonon zuciyata, ina auna hawaye da zafin addu'a, ko sau ɗaya wannan gabar ba ta shiga lissafina ba, don a ganina ni aka cuta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Binciken da nake yi cikin tsoro bai taɓa kai ni ga zunubi mai suna ba. Yana ta juya ni ne a kan yadda nake ji, ya bar abin da nake yi.

Na kuma lura da wani abu. Da a ce shekara guda kafin nan aka nuna mini wannan gabar, da na ɗauke ta hujjar cewa ni ɓatacciya ce, in ƙara nutsewa. Yanzu da na soma tsayawa a kan alkawarin Yesu, sai na iya dubanta ido da ido in kira ta da sunanta. Tabbacin ne ya ba ni ƙarfin yin binciken gaskiya.

Na gaya wa maigidana, ya ba ni kuɗin mota. Na bi ta Zariya da Funtuwa na isa gida. Na same ta tana sussuka, na durƙusa na ce, “Yaya, na zo neman gafara. Na riƙe ki a zuciya, kuma da aka yi miki rashi ban zo ba. Ban kyauta ba.” Ban ambaci abin da ta faɗa a kaina ba, ita ma ba ta ambata ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Na ji.” Ta sa yarinya ta kawo mini ruwa. Iyakar abin da na samu ke nan a ranar, kuma na dawo da ɗan ɗaci a raina, domin na sa rai za mu rungumi juna. Sai a hankali, shekara bisa shekara, gaisuwa ta dawo, har ta turo mini 'yarta ta koyi ɗinki a wurina. Har yau ba ta janye maganar da ta yi ba, na kuma daina jiran ta janye.

Jibin da ya biyo baya na zauna a wurina. Baba Fasto ya karanta surar da ya saba karantawa, na auna kaina, na ga mai zunubi wadda Almasihu ya mutu dominta, na miƙa hannu na karɓa. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya ba. Na ci na sha bisa ga maganarsa, cewa wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan, kamar yadda yake a Yohanna 6:37.

Ina da magana ga masu wa'azi, kuma da girmamawa nake yinta. Yana da sauƙi a cika gaban bagade da mutane in an tsorata su, amma ku duba, sau da yawa fuskokin da suka fito bara su ne suka fito bana. Masu lamiri mai taushi ne suke fitowa, su koma gida da rauni, ba wanda ya zauna da su ya buɗe musu Littafi. Wanda gargaɗin Matiyu 7 ya fi shafa kuwa, mai cin amanar marayu, mai danne albashin ma'aikatansa yana ba da zakka a gaban jama'a, yana zaune daram, ya ce ai ya ɗaga hannu tun shekara kaza. Shi ma ina jin tausayinsa, domin abin da yake riƙe da shi ba tabbaci ba ne, kuma wasiƙar Yohanna ba ta sassauta masa ba: wanda ya ce ya san Allah amma ba ya kiyaye umarninsa, maƙaryaci ne. Mutum biyun nan ba magani ɗaya suke bukata ba, kuma makiyayi ba zai bambanta su daga kan mumbari ba sai ya shiga gidajensu.

Ina da wata Hajiya da muka saba tun muna Tudun Wada, har yanzu takan ƙetaro kogi ta kawo mini ɗinkin Sallah. Wata rana hira ta kai mu ga maganar mutuwa, na ce mata ni na san wurin Ubangijina za ni. Ta ajiye atamfar da ke hannunta ta ce, “Haba ƙawata, ke da na sani da kunya? Wa ya san makomarsa?” Ban ji haushi ba, domin na fahimci tsoron Allah ne ya sa ta faɗi haka, ni ma da bakina na sha faɗin irinta. Na ce mata in da aikina nake dubawa, da cika baki ne babba, kuma da ta fi kowa sanin ban isa ba. Amma wani ne ya yi mini alkawari, shi nake gaskatawa. Ba ta yarda ba, ban kuma matsa mata ba. Muka ci gaba da awon riga, zumuncinmu yana nan.

Kaka ta riga mu gidan gaskiya. Shakka kuwa takan leƙo har yanzu, musamman lokacin da hawan jini ya kwantar da ni a asibiti, dare ya yi tsawo. Bambancin shi ne yanzu na san inda zan kai ta. Ina kuma bincike kaina, ban daina ba. Daren Asabar kafin Jibi nakan yi addu'ar Zabura 139:23-24, in roƙi Allah shi ya bincike ni ya nuna mini in akwai muguwar hanya a cikina. In ya nuna, abu ne mai suna: cikon kuɗin da ban mayar wa mai ɗinki ba, yadin da ya ragu na yi shiru a kansa, maganar da na yi a bayan wata a wurin biki. Sai in furta, in gyara abin da zai gyaru kafin gari ya waye ko a cikin makon.

A bara na lura da wata matashiya a ikilisiyarmu, 'yar ƙungiyar mawaƙa, da take ɗaukar jakarta duk lokacin da aka buɗe mayafin tebur. Na tambayi matar Fasto ko tana ƙarƙashin horo, ta ce a'a. Na gayyace ta shagona, muka soma karanta wasiƙar Yohanna ta fari bayan na sallami 'yan koyo. Nata nauyin daban ne da nawa, akwai abin da ya faru da ita a makaranta wanda ba nawa ba ne in faɗa. Mun kai sura ta 3. Ba ta koma teburin ba tukuna, ni kuma ban ce mata ta koma ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.